Ƙwaryar Rubutu da Allura Biyu

Aliero,
Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa nan na aiko miki cike da buhu har da hula a kai, yadda mutanen garinmu ke cika buhun albasa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin sauƙi, ke da Gwaggonki Atika da duk mutanen gidan da suka karɓe ki a Sakkwato. Allah ya tsare ki a zaune da tsaye, ya tsare ki a hannun likita, ya maido mana ke da ƙafafunki. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Kowa lafiya, yaranki suna ci suna ɓarna, ni kuma ina bin su da tsawa ba mai ji.

Jiya Babanki ya dawo daga wurinku. Ko takalmi bai cire ba ya tsaya bakin ɗakina ya ce, "Ɗiyakki hwa ta ɗaure kaya. Wai gida za ta komo, aikin wuyan a bari sai an cire albasa."

Na ce, "Albasaw wa? Ita da ko lambu ba ta da shi?"

Ya ce, "Ni ma abin da nic ce ke nan. Atika ta ce sun tahi ganin likita, sunka bi ta ɗakin mata, tag ga wata da anka hiddo daga aiki tana amai. Tun daga nan ba ta ƙara cin abincin kirki ba."

Rabi, Rabi. An ce bayan salla, aka yi salla. An ce bayan yaye, aka yi yaye. Yanzu kuma albasa ce, baiwar Allah, za a ɗora wa laifi. Maƙoƙon nan kuwa bai san salla ba, bai san kaka ba, girmansa kawai yake yi. Da kunnenki kika ji likita ya ce ya fara danne miki hanyar numfashi, kuma jinkiri ya daina zama alheri. An ba ki rana, rana ta matso, ke kuma kina naɗe zannuwa.

Na san abin da kike tsoro, kuma ba wuƙa ba ce. Ke da kike gyara kayan cikin rago ranar layya ko fuska ba ki yamutsawa? Abin da kika gani a kaina ne kina yarinya, ranar da aka kawo ki dubiya kika tarar ina amai har ɗinkin cikina ya farke, aka miƙa miki tasa ki riƙe don babu hannun da ke kusa sai naki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifinki ba. Sai dai ƙarshen abin kawai kika gani. Bari in ba ki shi tun daga tushe, ki ga yadda na taya abin faruwa da hannuna, sannan ki ji yadda aka yi a karo na biyu, wanda ba ki gani ba saboda kina ɗakinki a Jega da ɗanyen goyo. Ba wani asiri ba ne. Duk gidan nan an sani, Babanki ma har gobe da shi yake tsokanata.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a ba mu Kebbi ba tukuna. Ƙari ne ya fito mini a mara, aka ce sai an yi aiki. Kin dai san ni da mota. Daga Aliero zuwa Jega, tafiyar da ba ta isa a kira ta tafiya ba, sai na sa direba ya tsaya. Ina shaƙar warin mai cikina ke fara juyawa, shi ya sa Babanki ke kirana Hajiyar Bakin Titi tun ban san hanyar Makka ba. Ranar da aka kai ni asibiti kuwa, kafin mu isa na amayar da na jiya da na shekaranjiya.

Ana gobe aiki, wani ma'aikaci ya zo bakin gadona yana tambaya. Kakarki Dada, uwar Babanki, Allah ya jiƙanta, tana zaune kan tabarma tana jan carbi. Ya ce, "Ya jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce ko akwai abin da ke damuna ban da ƙarin, kamar jiri, ko yawan amai, ko wani magani da jikina ba ya karɓa. Na sunkuyar da kai na ce babu. Ni da mayafina ko bushewa bai yi ba daga wankin da na yi masa saboda aman hanya! Ga namiji baƙo a tsaye, ga surukata a zaune, ta yaya zan buɗe baki in hau lissafa cututtuka a ce matar wane raki gare ta? Haka aka rene mu. Mutum yana kan gargara a ce masa ya jiki, sai ya tattaro sauran numfashinsa ya ce da sauƙi. Bawan Allah ya gyaɗa kai ya wuce gado na gaba.

To ki ji, ɗiyata. "Da sauƙi" gaisuwa ce, kuma kyakkyawa, amma ki ajiye ta ga 'yan dubiya. In mai allurar barci ya zo yana tambayarki, ba gaishe ki ya zo yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma mutumin nan bai taɓa shiga mota da ke ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kina jin nauyin Gwaggonki, ki ce ta ɗan fita, ba za ta ji haushi ba, dama tana son ta je ta ga abin da ake sayarwa a bakin ƙofa.

Kuskurena na biyu ya fi ban dariya, ko da yake shi ya fi haɗari. An gargaɗe ni cewa daga lokaci kaza kada komai ya wuce maƙogwarona, ko ruwa. Na ji, na kuma yi niyyar bi. Da safe ana shirin zuwa ɗaukata sai ga Dada ta buɗe ƙullinta ta fito da gora, ta tsiyaya a ƙwarya, baƙi wuluk har baki.

Ta ce, "Ungo, shanye. Tun Birnin Malam nit taho da shi, allo cike anka wanke miki."

Na ce, "Dada, sun ce hwa kar in sha komi, ko ruwa."

Ta ce, "Wanga ruwa na? Ayar Allah ta. Su likita sun hi Allah sanin ciki?"

Wa zai amsa wannan tambaya? Na kafa kai na shanye. Ina sauke ƙwaryar ta sake miƙo mini wata. "Ga hura kaɗan ki bi da ita, kar rubutu shi sauka bisa cikin wohi. Wa ka shiga gaban wuƙa da yunwa?" Ita ma na sha. Don ƙauna ta yi, Allah ya sani, tsohuwar nan a ƙafa ta je Birnin Malam ta dawo saboda ni. Da masu gadon turawa suka zo, aka tambaye ni ko na ci ko na sha wani abu, na dubi Dada, Dada ta dubi carbinta, na girgiza kai. Sai bayan shekaru na san cewa mai barcin allura ba ya iya tare abin da ya taso masa, yana iya wucewa huhu kai tsaye. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanana.

Abin haushin ma, da Babanki ya koma ya ba malamin da ya yi rubutun labari, sai malam ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi! Wa yac ce dole sai an sha? Da ta shahwa ga huska da hannuwa ai ya wadatar. Wanda yas saukar da ayar, shi yab ba likita sani nai." Kin ji. Mu ne muka fi malam zaƙewa.

Saboda haka ga gorar rubutu nan tare da takardar, Babanki ya karɓo miki. Ki sha abinki yanzu, da yaƙini, tunda da sauran kwanaki. Daga lokacin da suka ce a kame baki kuwa, ki kame kamar ranar azumi, har ma fiye, don azumi in an manta an sha ba a mutuwa. In zuciyarki na son rubutu a safiyar aiki, ki shafa a fuska da hannuwa, ban da wuya inda za su yi aikinsu. In kuma tsautsayi ya sa wani abu ya wuce, ki faɗa musu. Gara a ɗaga aikin a yi miki faɗa.

Sai abin da kika gani. A wancan zamani wani magani mai wari suke kifa wa mutum a hanci, na farka ina jin warinsa a cikin bakina, ɗakin yana juyawa. Zuciyata ta fara tashi a hankali. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce ya jiki, kin san amsar da na ba ta. Da na ce mata zuciyata na tashi, watakila da ta yi wani abu, amma ta ina za ta sani?

Ana haka sai ga dangina na Mungadi da na Maiyama, mota guda, ke ma a cikinsu da ɗan kallabinki a karkace. Wannan da kwanon kunu, waccan da farfesun kaza ya sha albasa da daddawa, kowa tufafinsa na tashin turaren wuta. A gabansu Kawuna, yayan mahaifiyata. Yana cewa, "Kwanta abinki, Hauwa, kwanta," ni kuwa ina, yaya za a yi in gaida Kawu a kwance? Na yunƙura na tashi zaune da ɗanyen ɗinki. Matarsa ta matso da ludayi ta ce, "Ko kurɓa guda ki yi don albarkacin hanya, tun asuba nika damun kunun ga." Na kurɓa. Mai farfesu ta ce to ita nata ya yi laifi ke nan? Na kurɓi romo. Daga nan sai abin ya ɓalle, rubutu da fura da kunu da romo, kowa ya nemi hanyar da ya shigo. Da suka ƙare ban daina kakari ba, har na ji wani abu ya tsinke a marata, zanena ya jiƙe. Aka kore ku waje, aka maida ni ɗakin aiki. Fuskarki a bakin ƙofa, da tasa a hannu, ita ce abu na ƙarshe da na gani, kuma har yau in na tuna sai tausayinki ya kama ni.

Dubiya lada ce, ba ni hana kowa neman lada. Amma na riga na aika Mungadi da Maiyama cewa kowa ya riƙe kwanonsa sai kin dawo gida, a nan za mu ci mu yi godiya. Wanda ya ƙi ji ya zo, zai tarar da Gwaggonki Atika a ƙofa. Kin san ta, Allah bai ba ta kunya a inda kunya ba ta da amfani ba, shi ya sa na roƙe ta ta zauna da ke. Duk farfesun da aka kawo ita za ta karɓa, kuma na tabbata ba zai lalace a hannunta ba. Ke dai ko Sarkin Musulmi ne ya shigo, ki gaishe shi da ido. Kada ki tashi sai an tashe ki, kada ki sha sai ma'aikata sun ce sha, in sun ce ma ki fara da kurɓi ɗaya ki jira ki ji.

Yanzu ga inda ban isa in yi miki dariya ba. Wurin ɗinkin nan bai kama da kyau ba. Bayan wani lokaci ya fara kumbura, ƙarami kamar goruba, yana ƙaruwa. Likita ya ce hanji ne ke turowa ta inda naman ya raunana, sai an sake aiki. Na ce Allah ya kiyaye, ni da asibiti sai dai in wuce ta gaba. Na shiga ɗaure cikina da tsohon ɗankwali ina harkokina. Babanki ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa ni da Kawu, ni ma na ce bayan salla, na ce bayan kaka. Kin ga ashe gado kika yi. Shekaru na yi a haka, ban iya ɗaukar tulu, ban iya dariya mai ƙarfi sai na dafe ciki. Sai wata rana muna tsintar albasa a rumfa na ɗaga kwando, abin ya fito ya ƙi komawa. Azabar da na sha ranar ta fi ta haihuwa. Da ƙyar ya koma, likita kuma ya ce in ya sake maƙalewa ba lalle a sami lokacin kawo ni ba. Duk tsoron da na yi ta tattali bai rage mini komai ba, sai ma aikin da ya ƙara girma. Wannan kuskuren shi ya fi sauran tsawo, kuma shi nake gani kina shirin ɗauka.

A karo na biyun an riga an ba mu jiha, ma'aikata sun zo daga wurare da yawa. A cikinsu akwai Sista Rifkatu, Kirista ce 'yar can wajen Jos, ita ke ba da allurar barci. Gajera ce, in tana dariya har hawaye take yi. Ana gobe aiki ta zo ta ce wa Babanki, "Baba, a ba mu wuri, zancen mata za mu yi." Ta zauna a bakin gadona kamar wata ƙanwata.

Ta ce, "Mama, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ce, "To mun gaisa. Yanzu kuma ya jiki?"

Dariya ta kama ni har na dafe ciki. Daga nan bakina ya buɗe. Ta tambaye ni mota, na ba ta labarin Hajiyar Bakin Titi. Ta tambaye ni aikin farko, na ba ta labarin rubutu da fura da romo, ta riƙe kai ta ce Allah ya so ni. Ta tambayi ko ina da ciwon suga, ko akwai maganin da nake sha, na asibiti ko na gargajiya. Sai ta ce, "Kina shan taba, ko ta gari da ake sawa a baki?"

Na ce, "Ni? A'uzubillahi! Mi kinka gani ga bakina?"

Ta ce ba zagi ba ne, wai waɗanda ba su shan taba sun fi saurin amai bayan aiki. Ikon Allah. Kada dai ki ce Inna ta ce ki fara.

Da ta gama sai ta ce, "Mama, ke mace ce, mota na juyar da ke, kin taɓa yin aman bayan aiki, ba ki shan taba. Mai irin jikinki ba ma jira sai abin ya fara. Kuna da lambu?"

Na ce, "Muna da shi, bakin hwadama."

"In awaki na shiga ta wuri uku, kika toshe wuri ɗaya, kin hana su?"

Na ce, "Ina hwa."

Ta ce, "To haka amai yake. Wani daga ciki yake tasowa, wani daga kunne irin na mota, wani kuma maganin barcin ne ke bin jini ya je ya taɓo shi a kai. Magani ɗaya hanya ɗaya yake tarewa, ko an ninka shi. Shi ya sa muke haɗa biyu masu aiki daban. Ɗaya zan sa miki da zarar kin yi barci, don shi a hankali yake kamawa. Ɗayan sai an kusa gamawa, don ki farka yana da ƙarfinsa. Zan ƙara miki ruwa isasshe, in kuma lura da allurar kashe zafi, don wata ita ma tana tayar da zuciya."

Ta faɗi sunayen magungunan, amma sun fi ƙarfin bakina, ban riƙe ko ɗaya ba. Abin da na riƙe shi ne alkawarin da ta sa na yi mata. Ta ce, "Ban ce miki ba zai zo ba sam, ni ba Allah ba ce. Amma in kin ji ya fara motsi, ki kira tun yana ƙarami. Akwai na uku a ajiye, wani iri ne daban, ba wanda aka riga aka sa ba. In kika ce mini da sauƙi, ni da ke ne."

Rabi, na farka. Ba wari a bakina. Na kwanta shiru ina jiran abin ya taso, ina sauraren cikina kamar mai jiran sallamar baƙo, shiru. Bakina ya bushe, barci na ta fizgata, kaina ya ɗan yi nauyi, amma ɗaki na tsaye wuri ɗaya. Can da la'asar aka juya ni gefe, sai na ji zuciyata ta ɗan motsa. Sista Rifkatu na wucewa ta ce ya jiki. Wallahi "da sauƙi" ta riga ta hau kan harshena, da ƙyar na danne ta na ce, "Zuciyata na tashi." Ta tafa hannu ta ce, "Yau Bahaushiya ta faɗi gaskiya!" Ta kawo allurarta ta zuba cikin ruwan da ake ƙara mini, na yi barci, na tashi wasai. Ruwa aka fara ba ni a cokali. Kashegari kunu mai ruwa-ruwa, ba kanwa ba yaji, kuma ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba. Ɗinkin ya kama tsaf. Ga ni nan yau ina ɗaukar tuluna, ina dariyata har in faɗi, ina goya jikokina. Duk lokacin da na tsuguna na miƙe ba tare da na dafe ciki ba sai na ce alhamdu lillahi, na kuma sa wa yarinyar nan albarka.

Ranar da na je Jega kwaso yaranki na biya ta wurin Sista Rifkatu, tana nan, ta ƙara ƙiba. Na ba ta labarinki. Ta ce aikin wuya yana cikin waɗanda suka fi kula da zancen amai, saboda kakari yana takura wurin ɗinki, don haka masu allurar barci na can sun san da shi sarai, abin da suke nema kawai a gaya musu gaskiya. Ta ce in faɗa miki ki buɗe baki tun ranar da za su zo tambaya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke kuwa kaf jikina kika kwaso. Ranar da aka kai ki Jega amarya, kowa ya ɗauka kukan rabuwa ne ya sa kika sunkuya cikin mayafi, ni kaɗai na san mota ce. To ki faɗa wa mai allurar barci haka, ba ragi. Ki ce mota na sa ki amai. Ki ce uwarki ta yi amai bayan aiki har ɗinki ya farke, kuma a gabanki. Ki ce kina jin tsoro, wannan ma magana ce da ya kamata ya sani. Ki faɗi duk jiƙe-jiƙen da kika sha don maƙoƙon nan, har wanda kike ɓoye wa mijinki. In akwai alamar ciki ko kokwanto, ki faɗa. Sannan cikin ladabi ki tambaye shi wane shiri ya yi miki na amai, ki ce Innarki an haɗa mata biyu ta ji daɗi. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Shi zai zaɓi abin da ya dace da jikinki, watakila irin nawa, watakila wani. Kada ke ko Gwaggonki ku je kemis ku sayo wani abu ku sha a ɓoye wai don rigakafi, wannan komawa gidan jiya ne. In sun ce wani maganin babu shi a wurinsu, su rubuta, mijinki ya nemo tun da wuri.

Ban yi miki rantsuwa cewa ba za ki ji komai ba. Za ki ji zafi, za ki ji haɗiya na wuya, watakila zuciyarki ta ɗan tashi kamar tawa. Rai a hannun Allah yake, na gida da na asibiti. Amma abin da kika gani kina yarinya, aikin tsohon magani ne da kunyata da ƙaunar dangi suka taru suka yi. Yanzu maganin ya sake, dangi na tare miki su, saura kunya, ita kuma a bakinki take.

Akwai wani abu da na so in bari a cikina, amma ya ƙi zama. Ɗazu da safe ina shara sai na ji wani sauti daga bayan rumfar albasa, numfashi mai fito, ana ja da ƙyar ana saki. Na ce a raina wani yaro ya haɗiyi abu ya maƙale. Na yar da tsintsiya na ruga. Sai na tarar da autarki Nana, ta goya 'yar tsanarta ta kara, ta naɗe wuyanta da tsumma, tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani tana wannan numfashin.

Na ce, "Nana, mi yas same ki?"

Ta ce, "Ba komi, Kaka. Wasa nika yi. Ni ta Inna."

Na ce, "To numhwashin ga hwa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta ta ce, "Ai hakanan Inna ka yi."

Ta koma kan tuwonta. Ni kuwa na shiga ɗaki na zauna bakin gado na yi kuka mai isata, sannan na ɗauko takarda. Mu manya mun saba da sautin har mun daina jin sa. Ita kuwa tunda ta yi wayo da shi ta san ki, a ganinta haka uwa take numfashi. Rabi, ina jin tsoro fiye da yadda kike ji, kuma nawa tsoron ba na asibiti ba ne. Ki kwance kayan nan. Ki kwanta a yi miki aikin, ki dawo yarinyar nan ta ji numfashin uwarta na gaskiya.

Allah ya sa ki kwanta lafiya ki farka lafiya. Ya daidaita hannun mai yanka da na mai allura, ya kwantar miki da zuciya da ciki, ya sa ɗinki ya kama, ya tsare miki hanya daga Sakkwato har ƙofar ɗakinki. Ki gaida Gwaggonki da kyau. Babanki na sa miki albarka, ni ma na sa.

Innarki,
Hauwa'u.